Baƙin Ɗigo a Gindin Kwalba

Kusan duk wata sai wani saurayi ya same ni a ƙofar gida ya ce in koya masa aikin ful. In na tambaye shi me ya sani a kai, sai ya ce ai ba wuya. A kwashe ganye da raga, a jefa ƙwayar magani a ruwa, a zauna a inuwar gidan masu kuɗi a sha ruwan sanyi. Ba na musu da su. Nakan ciro wata siririyar kwalba daga aljihu in miƙa masa in ce ya leƙa. A gindinta akwai baƙin ɗigo guda. Ya leƙa ya ce ya gani. In ce to, aikin ke nan. Wanda ya yi dariya ba na sake nemansa.

Sunana Modu. Ban yi boko ba. Ful kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne kwamin ninƙaya da masu hali suke ginawa a bayan gida, a shafe shi da shuɗin tayil. A Maiduguri ba su da yawa, amma akwai, kuma kowanne yana bukatar mai duba shi.

Daga bakin tafki na shigo garin nan, lokacin da zaman ƙauyenmu ya gagara. Kamun kifi kaɗai na iya, kuma babu kifi a kan kwalta. Na yi dako, na tura kurar ruwa. Wanda ya ɗauke ni wannan aiki wani dattijo ne mutumin Biu, Kirista, ana ce masa Baba Ishaku. Shi ke kula da ful na wani otal da na wasu gidaje. Tambaya ɗaya ya yi min, ko na iya ruwa. Na ce a ciki aka haife ni. Ya ce in zo gobe.

Aikin farko da ya ba ni goge bakin tayil ne, inda maiƙon jikin mutane yake taruwa ya yi baƙin layi. Burushi a hannu, gwiwa a ƙasa, rana a ƙeya. Sai da na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa raga da dogon sanda. Bayan nan ya nuna min ɗakin inji, yadda ake juya ruwa baya a wanke matatar yashi, da yadda ake sanin famfo ya sha iska daga jin kukansa. Kwalin gwajin ruwa kuwa ko kusa da shi bai bari na je ba sai da shekara ta juyo.

Ranar da ya buɗe min kwalin, a gidan wata 'yar kasuwa ne. Ya zaunar da ni a bakin ruwa ya ce in buɗe kunne.

“Kulorin shi ne leburanmu,” in ji shi. “Shi ke kashe cuta, shi ke hana gansakuka. Amma ranar Borno tana cinye shi. Ka zuba da safe, kafin azahar babu. Shi ya sa ake zuba masa wani sinadari, sitabilaiza, ya yi masa inuwa.”

“To a zuba da yawa mana, Baba.”

“Ka ji irin taku. Lebura in ka bar shi a rana ya faɗi. In ka cika masa inuwa ya miƙe ƙafa ya yi barci, kamar yadda na same ka jiya a ɗakin inji.”

Tun daga ranar nan, inuwa nake ce wa wannan sinadari, kuma haka zan riƙa cewa a nan.

Ga yadda ake gwada ta. Ka zura hannu har gwiwar hannu ka ɗebo ruwan, ba na sama-sama ba. Ka zuba a ƙaramar roba, ka ƙara ruwan gwaji daidai yawansa, ka rufe ka girgiza. In akwai inuwa a ruwan, sai ya yi fari kamar an tsinka nono. Sai ka tsaya a fili ka ba rana baya, ka riƙe siririyar kwalbar daidai ƙugunka, ka riƙa tsiyaya farin ruwan a hankali kana leƙawa ta sama. Inda baƙin ɗigon ya ɓace maka, nan za ka tsaya ka duba lambar da ke jikin kwalbar. In sai da kwalbar ta kusa cika ya ɓace, inuwa kaɗan ce. In tun daga ƙasa ya ɓace, ta yi yawa. Tsakanin talatin da hamsin muke so. Lamba dai na iya karantawa, ko a kasuwar kifi da ita muke aiki.

Kuma ba a ƙura masa ido. In ka ƙura, idonka zai ƙirƙiro maka ɗigon ko ba ya nan. Ka leƙa, ka ɗauke kai, ka sake leƙawa. Baba Ishaku ya sha bugun ƙeyata a kan wannan.

Muguwar shekararmu ita ce wadda wutar lantarki ta ɗauke a garin gaba ɗaya, aka yi wata da watanni. Ful ba ya rayuwa sai famfo yana juya ruwansa. Man janareta ya yi tsada, mai gida zai zaɓi firiji da fanka kafin ya tuna da mu. Gidaje da yawa suka sallame mu. Na ga ful da na goge da hannuna ya zama gidan kwaɗi, har yara suna leƙowa ta katanga suna jifa. Na koma tura kurar ruwa. Baba Ishaku ya tattara ya koma Biu, bai sake dawowa ba. Da zai tafi ya miƙo min kwalin gwajin ya ce kada in bar shi a rana, ruwan gwajin yana lalacewa. Iyakar sallamarmu ke nan.

Waɗanda ba su rufe nasu ba a shekarar, dabara ɗaya suka yi. Tunda famfo ba ya aiki sosai, sai a yawaita ƙwaya. Ƙwayar kulorin fara ce, faɗinta kamar tafin hannu, tana narkewa a hankali. Abin da mutane ba su sani ba, kowace ƙwaya da tata inuwar a ciki. Kulorin ɗin ya yi aikinsa ya ƙare, inuwar ta zauna. Da wuta ta dawo, hannu ya riga ya saba da ƙwaya, aka ci gaba da jefawa.

Aikin gidan Alhaji Buba daga nan ya samo asali. Dillalin shanu ne a Kasuwar Shanu, Bafulatani, ya taso yana bin garke kafin Allah ya buɗa masa. Ɗansa ne ya gina ful ɗin saboda jikoki. Shi Alhaji bai taɓa sa ƙafa a ciki ba, yana cewa an tara ruwan garke guda don yara su yi wasa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. A asibiti aka ce ya riƙa tafiya a cikin ruwa, ruwan zai ɗauke masa nauyin jiki. Aka kafa masa ƙarfen riƙewa a gefen da ba zurfi. Ya fara shiga kullum, ƙafar ta fara amsawa.

Sai ruwan ya soma ɓaci. Ya yi kore, mai kula da shi ya ƙara ƙwaya, ya washe, bayan 'yan kwanaki ya sake yin kore. Kunnen Alhaji ya fara ruwa. Wani ɗan ƙurji a babban yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa, ga shi da ciwon suga. Matarsa Hajja Dija ta hana shi shiga. Ya koma kujera, ƙafar da ta fara motsi ta fara sandarewa.

Direban Alhaji, wanda muke maƙwabtaka da shi, shi ya kai ni. Bazara ce, iska kamar daga bakin tanda. Abin da na fara gani a ƙofar gida tulin yashi ne, cikin tifa guda, sabon saukewa. Hajja ta tare ni a tsakar gida.

“Kai ma ka zo ka zuba naka maganin?”

“Ban zo da magani ba, Hajja. Dubawa zan yi.”

“Duba. Ka ga yashin can? Jibi leburori za su zo su cike ramin nan. Gara ya zauna a kujera da ƙafa biyu da a yanke masa ɗaya.”

Gaskiya ta faɗa.

Alhaji yana baranda a kujera mai taya, bakinsa ya ɗan karkace, amma ana jin maganarsa. Ya dubi tsagen fuskata.

“Wa kuka kawo min? Babarbare? Shi ke nan, a fara zuba yashin.”

“Ranka ya daɗe, an ce min akwai Bafulatanin da yake wanka kullum, shi ne na zo in gani da idona.”

Ya yi dariya da rabin baki. Hajja ba ta yi ba.

Na fara da gwajin kulorin. Ya yi rawaya sosai, wato kulorin yana nan da yawa. Wannan shi ne abin da wanda ya gabace ni yake nuna musu, kuma bai yi ƙarya ba. Amma na shafa bangon ful ɗin, santsi kamar bayan tarwaɗa. Lebura yana nan, aiki ne ba ya yi.

Na haɗa ruwan gwajin inuwa na girgiza. Ya yi fari fat. Na ba rana baya na fara tsiyayawa. Ko lambar farko ta ƙasa ruwan bai kai ba, ɗigon ya tafi. Na ce ko zafi ya ɓata min ruwan gwajin. Na ɗebo ruwan famfon gidan na gwada, ɗigon yana kallona har kwalbar ta cika. Na raba, rabi ruwan ful rabi na famfo, na sake. Nan ma tun daga ƙasa ya ɓace.

“Yaushe rabon da a zubar da ruwan nan?” na tambayi Hajja.

“Ba a taɓa ba. Me zai sa? Duk mako rana tana shanye kusan taƙi guda, mu kuma mu cika da sabo daga burtsatse. Ai kullum sabo ne.”

Wannan kuskuren a garin nan kowa yana yinsa, domin kowa yana ganin yadda rana take shan ruwa da idonsa. Na ce musu babu maganin da ake zubawa ya cire inuwa. Sai an kwashe mafi yawan ruwan an zuba sabo.

“A kwashe a kai ina?” in ji Alhaji.

“Kwata.”

“Ba a gidana ba.” Ya buga hannunsa mai lafiya a kan kujerar. “Kai yaron tafki ne, ba ka san ƙishirwa ba. Ni na kora shanu muka isa rijiya muka tarar da ƙura a gindinta. Da hannuna na yanka maruƙa don kada in ga mutuwarsu. Yanzu ka ce in buɗe wannan ruwa a titi mutane suna kallo? Ku zuba yashin. Na zauna a kujerar.”

Hajja ta dube ni, irin kallon ka ji ko.

Ni ba gwanin magana ba ne. Na kama kujerarsa na tura shi cikin rana, na juya masa baya gare ta. Na sa masa kwalbar a hannun mai lafiya na ce ya leƙa. Na fara tsiyaya masa na famfo.

“Kana ganin ɗigon?”

“Ina gani. Ai ba ido ne ya shanye ba.”

Na zubar, na tsiyaya masa na ful ɗin, kaɗan.

“Ya tafi,” in ji shi.

“Wannan farin shi ne abin da ƙwaya take bari. Rana tana shan ruwa, ba ta shan shi. Duk sabon da kuka zuba, a kansa yake sauka.”

Ya daɗe yana kallon cikin kwalbar. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

“Akwai wani tafki bayan Khaddamari,” ya ce, ba ni yake kallo ba. “Ƙarshen rani in ya janye, sai bakinsa ya yi fari da kanwa. Shanu su zo su sansana su juya. Ko an yi yayyafi ba sa sha. Sai babban ruwa ya zo ya kore tsohon.”

“Shi ne, ranka ya daɗe.”

“To da ka faɗa haka tun farko. Ku Barebari sai kun zaga da mutum.” Ya miƙo min kwalbar. “A kwashe. Amma kwata ba za ta sha ko ludayi ba.”

Direba ya ce a kira 'yan ga-ruwa su kwasa kyauta. Na ce a'a. Na taɓa tura kurar ruwa, na san yadda take. Ruwa in ya shiga jarka babu mai tambayar asalinsa, kafin la'asar yana cikin randar wata ana shayar da yara. Direban ya ji haushi, na bar shi da haushinsa.

Alhaji ne ya samo mafita. Ya tuna da wani mai buga bulo a Dusuman da yake sayen ruwa a tanka. Ya sa aka kira masa shi a waya. Kyauta zai ba shi, amma sai da ya ja masa rai kamar yana sayar da bijimi, ya sa shi ya yi alkawarin ko ɗigo ba zai shiga bakin mutum ko na dabba ba.

Hajja ta kafa nata sharaɗin. Yashi yana nan a ƙofar gida, ba mai taɓa shi. In kore ya dawo, ba za ta sake jin ta bakin kowa ba. Kuma Alhaji ba zai shiga ba sai likita ya ga yatsan ya ce ya warke. Na ce na yarda.

Kwashe ful a bazara ba a yi masa gaggawa. Tayil ɗin da ya saba da ruwa in rana ta same shi a bushe, ɓarewa yake yi. Da sassafe tanka take zuwa mu ja, in bi bangon da ya fito da jiƙaƙƙun buhuna. Na goge santsin nan da burushi har hannuna ya yi kanta a kan kanta. Na wanke matata. Na tattara sauran ƙwayar na ba direba na ce ya kulle ta inda mai gadi ba zai gani ba. Burtsatsen gidan da sola yake aiki, ruwan yana zuwa siriri, ya ɗauki lokacinsa kafin ya cika. Da ya cika na zuba garin kulorin, wanda ba shi da inuwa a ciki, na bar famfo ya juya shi. Na gwada. Ɗigon ya tsaya yana kallona har ruwan ya hau, ya ɓace a ƙasa da hamsin kaɗan.

Saura jira. Kullum da safe sai na wuce ta gefen tulin yashin nan kafin in shiga. Awakin unguwa sun mayar da shi wurin hawa. In shiga in shafa bango, in gwada kulorin, in zuba gari daidai abin da rana ta ci. Hajja tana leƙowa ta tagar kicin.

Ana haka iskar hadarin farko ta taso da rana tsaka, ta kwaso ganyen dogon yaro da ledoji da ƙasa ta zuba a ciki, ruwan sama kuwa ko ɗigo bai sauka ba. Ful ɗin ya yi duhu. Hajja ta fito ta tsaya a bakinsa, hannu a ƙugu.

“Ga shi nan ya fara.”

“Wannan ƙasa ce, Hajja, ba kore ba. Ki ba ni zuwa gobe.”

“Gobe da safe leburori suna ƙofar gida.”

Na kwashe abin da raga za ta kwashe, na share gindin da tiyo, na ƙara gari, na roƙi direba kada a kashe famfo. Na tafi gida.

Da safe na tarar da leburori uku zaune a kan yashin da shebur ɗinsu. Na yi musu sallama na wuce. Hajja ta riga ni zuwa bakin ruwan. Tana tsaye tana kallon ƙasa. A can gefen mai zurfi, wani ɗan kunne na jikarta da ya ɓace tun bara yana kwance a kan tayil, ana ganin har ɗan dutsen da ke jikinsa. Na shafa bango, ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsana kamar kwanon da aka wanke da toka.

Ta sa aka ba leburorin shayi da burodi aka sallame su.

Yashin dai bai tashi ba sai da likita ya duba yatsan ya ce ya rufe. Ranar da Alhaji zai koma ruwa ina wurin. Ɗansa da direba suka sauke shi a matakala, yana zaginsu da Fulatanci wai ruwan ya yi sanyi. Ya kama ƙarfen. Ƙafar ta ƙi da farko, yana janta kamar ba tasa ba. Can sai ta ɗaga. Ya je ƙarshen ƙarfen ya juyo.

Hajja tana bayana, ban san ta zo ba.

“Modu, mai bulon nan naku yana son yashi?”

“Zai so, Hajja.”

“Ya zo ya kwashe. Ya tare min ƙofa.”

Haka ruwan da yashin suka haɗu a Dusuman. Direba ya ce min ɗakuna aka tayar da bulon. Ban je na gani ba.

Wannan shi ne aikin da kuke cewa ba wuya. Raga kowa zai iya riƙewa. Ƙwaya ko mai gadi yana jefawa. Ni har yau duk gidan da na shiga, ko ruwan yana ƙyalli kamar madubi, sai na ba rana baya na leƙa kwalbar nan.

Gidan Alhaji Buba kaɗai ne ba ni nake leƙawa ba. In na haɗa ruwan na girgiza, sai ya fito daga baranda da sandarsa, a hankali, ba mai riƙe shi. Ya jingine sandar a jikina, ya karɓi kwalbar, ya juya wa rana baya. Ni in tsiyaya, shi ya leƙa, ya ɗauke kai, ya sake leƙawa.

“Ɗigonka yana nan, Babarbare,” yakan ce. “Ƙara.”